Yadda ake tantance ƙananan saƙonni a kai su ƙauyukan bayan Legas da babur

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Mainland da Island a watan Yuni na 2022, sannan ta ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi da Shomolu a watan Satumba, yaranmu da yawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba suka koma aikin dilibari, kuma tambayar da ake ta turo min kusan ɗaya ce: cikin gari dai an gane, amma ya ake yi da saƙon da zai tafi bayan gari, irin su Imota, Agbowa, Epe, ƙauyukan Ibeju ko can Badagry inda ba lambar gida ba sunan layi? Toh ga shi na zauna na jero shi daki-daki. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne mafi yawan aikin nan a ƙasa ake gama shi kafin ka tayar da babur, wanda ya iya tantance kaya da kiran waya da jera akwati shi ne ke dawowa da riba, gudu a titi ba ya gyara saƙon da aka ɗauka a hargitse.

1. Haɗa kayan aiki da takardu

Babur ɗin da dokar sufuri ta Legas ta 2018 ta yarda ya hau manyan tituna da sunan kai saƙo shi ne mai ƙarfin 200cc zuwa sama, da akwati a baya, kuma ba a ɗaukar fasinja a kai. Tunda hanyar ƙauyen duk ta babban titi za ka bi kafin ka sauka, kar ma ka fara da ƙaramin babur ɗin acaba, kamawa za a yi.

Takardu: lasin tuƙi rukunin A wanda shi ne na babur, takardar rajistar babur, inshora, takardar lafiyar abin hawa, da takardun ƙaramar hukuma. In akwai sunan kamfani ko talla a jikin akwatin akwai izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta Legas, da ake nema. Shi kuma lasisin sana'ar kai saƙo kansa NIPOST, wato hukumar gidan waya ta ƙasa, ce ke bayarwa, kamfani ake ba, shi ya sa yawancinmu ke aiki a ƙarƙashin wani kamfani mai rajista. Ka tambayi ogan naka ya ba ka kwafin takardar ka riƙe a leda.

Kayan hannu kuma: ƙaramin sikeli na rataye mai ƙugiya, tef ɗin awo irin na tela, salatif babba, maka mai rubutu baƙi wadda ruwa ba ya wankewa, ledoji manya da ƙanana, tsofaffin jaridu ko ledar nan mai ƙuraje ta naɗe kayan fashewa, roba ta ɗaure kaya, littafi da biro, fawa bank, rigar ruwa, hular kwano. Layin waya biyu na kamfani daban-daban, domin akwai ƙauyen da wannan ke da sabis wancan babu.

Gargaɗi: Ogijo, Agbara, Mowe, Ibafo da Sango duk jihar Ogun ne ko da yake mutane na kiran su Legas. Takardar ƙaramar hukumar Legas ba lallai ta fishe ka a can ba, ka sa kuɗin tikiti a lissafi tun kafin ka faɗi farashi.

2. Karɓar saƙo: sai ka ga abin da ke ciki

Nan ne wurin da ba na sassauci ko kaɗan. Duk wanda ya kawo maka ƙunshi a naɗe, ko ɗan garinku ne, ko Hajiyar da ta saba ba ka aiki, a buɗe a gabanka ka gani sannan a rufe. Gani ya kori ji. Hukumar NDLEA ta sha kama masu babur ɗin dilibari da ƙwaya a akwati, kuma a lokacin da aka tare ka, a hannunka aka samu, wanda ya aiko ya kashe waya. Ana ɓoye abin a cikin kwalin abinci, cikin takalmi, cikin gwangwanin madara da aka sake liƙewa. In mutum ya ce shi ba za a buɗe masa kaya ba, ka ce Alhaji ka yi haƙuri, dokar aikinmu ce, in ya ƙi ka bar masa kayansa, kuɗin dilibari ɗaya bai kai zaman kurkuku ba.

Abubuwan da ba a karɓa sam: ƙwayoyi irin su taramol da maganin tari mai kodin ba tare da takardar asibiti ko ta kemis mai rajista ba, wiwi, makami ko harsashi, fetur ko duk abin da ke kamawa da wuta, tsabar kuɗi a ambulan. Wannan na kuɗin mutane na raina shi, amma in aka ce dubu ɗari ce a ciki aka buɗe aka ga tamanin, da me za ka kare kanka?

In ka gama dubawa, rubuta a littafi: sunan mai aikowa da lambarsa, sunan mai karɓa da lamba biyu in da hali, abin da ke ciki, kimar kuɗinsa, da ko an biya ko sai an kai za a biya. Ka ɗauki hoton kayan a buɗe da kuma a rufe. In waya ce ko wani abin lantarki, a kunna a gabanka, in gilashin a fashe yake hoton ya nuna.

3. Awo da rarrabawa

A tsarin gidan waya na duniya wanda NIPOST ma ke bi, ƙaramin ƙunshi shi ne wanda bai wuce kilo 2 ba, shi ana tafiyar da shi ne tare da wasiƙu, wanda ya haura haka ya koma sahun manyan kaya da farashinsa daban. Irin ƙananan odar da mutane ke yi daga Chana ta intanet mafi yawa a wannan sahun suke shigowa. Mu ma a kan babur wannan iyakar ta kilo 2 tana da amfani sosai, don haka ni ga yadda nake ba da shawarar a kasa kaya.

Kashi na farko takardu: ambulan, satifiket, takardar fili, fasfo. Ba su da nauyi amma su ne mafi tsada in sun lalace, ba a sayen su a kasuwa. Kashi na biyu ƙananan ƙunshi ƙasa da kilo 2, irin su atamfa ɗaya ko biyu, gashin kanti, kayan shafa, cajar waya, turare. Kashi na uku daga kilo 2 zuwa kamar 5, takalma da yawa, ƙaramin kwali, injin markaɗe na wuta. Abin da ya wuce nan, ko wanda murfin akwati ba zai rufu a kansa ba, ba na babur ba ne a hanya mai nisa, a kai shi tasha a yi masa webil, wato a aika shi a mota. Ɗaure babban kwali a saman akwati yana jawo hankalin masu tare hanya, sannan a hanyar yashi ko taɓo nauyin sama shi ke kayar da mutum.

Sikeli kaɗai ba ya isa. Akwai kayan da ba nauyi amma sun cinye wuri, kamar filo ko hular gele da aka riga aka naɗa ko kwalin kek. Manyan kamfanoni irin DHL suna auna tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su ninka su, su raba da 5000, abin da ya fito shi ne nauyin girma, sai su caji wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin sikeli. Misali kwali mai 40 da 30 da 20, in ka ninka 24,000 ne, ka raba da 5000 ya ba ka kilo 4.8, toh ko da sikeli ya nuna kilo 1 wannan kwalin kuɗin kashi na uku zai biya domin ya hana ka ɗaukar saƙo huɗu. Sababbin shiga da yawa a nan suke asara ba su sani ba, akwati ya cika da safe suna murna, da yamma kuɗin bai kai na mai ba.

Bayan nauyi sai hali. Ka sa wa kowane ƙunshi alama da maka a gefen da za ka gani in ka buɗe akwati: F na mai fashewa, R na mai ruwa (man gashi, zuma, manja, turare na kwalba), A na abinci ko abin da ke lalacewa, T na mai tsada, sannan ka zagaye K babba a kan duk wanda sai an biya kuɗi za a miƙa. Alamar ba doka ba ce, ka ƙirƙiri taka in ka so, amma ta zama ɗaya kullum.

Gargaɗi: turare da abinci ba sa zama leda ɗaya ko kusa da juna. Kilishi ko dambun nama in ya yi awa uku a akwati mai zafi kusa da humra ko turaren wuta, ya tashi daga aiki, kuma kai za a ce ka biya.

4. Naɗewa da rubutu

Ka ɗauka ruwa zai same ka. Daminar Legas daga wajen Afrilu take har Yuli, ta ɗan lafa a Agusta ta dawo Satumba da Oktoba, kuma akwatin baya duk kyansa yana yoyo ta wajen murfi. Takardu a sa su a fayil na roba sannan a leda. Mai ruwa a ɗaure bakin kwalbar da salatif, a sa a leda biyu, a tsayar da shi. Mai fashewa a cusa jarida ta kowane gefe har sai ka girgiza kwalin ba ka ji motsi ba.

Rubutu a jikin ƙunshin: suna, lambar waya, gari, da lambar jeri da ka ba shi a littafi. Ka rubuta a kan takarda ka liƙe da salatif a sama yadda ruwa ba zai taɓa ba. Kar ka rubuta abin da ke ciki a waje in mai tsada ne.

5. Adireshi: kira kafin ka fita

Wannan matakin da na uku su ne ƙashin bayan aikin. A bayan gari adireshin da aka rubuta maka rabin labari ne. Sababbin unguwanni ne da aka yanka filaye, layi ɗaya yana da suna biyu, lambar gida kowa ya rubuta wadda ya ga dama, Google Maps kuma zai kai ka bakin wata hanya da ruwa ya cinye ya ce ka iso. Lambar yanki ta gidan waya mai alƙaluma shida tana nan, na Legas suna farawa da 10, amma ƙalilan ne suka san tasu, kuma ba za ta nuna maka ƙofar gida ba.

Sannan Legas na da sunaye masu maimaituwa da suka sha ɓatar da mutane. Ajegunle akwai ta wajen Apapa, akwai ta kan hanyar Ikorodu bayan Mile 12, akwai ta wajen Alakuko hanyar Sango. Sabo akwai ta Yaba akwai ta Ikorodu. Agric akwai a Ikorodu akwai a Ojo. Ketu da kowa ya sani kusa da Mile 12, amma akwai wata Ketu ta ɓangaren Epe. Owode Onirin daban, Owode ta can Badagry wajen iyaka daban. Ibeshe akwai ta Ikorodu da za ka je da babur, akwai wadda sai ka tsallaka ruwa. Don haka kar ka taɓa karɓar sunan unguwa shi kaɗai, ka tambaya wace ƙaramar hukuma, ta wace hanya ake shiga.

Da daddare ko da sassafe ka kira kowane mai karɓa ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyi huɗu: wane bas-stof ne na ƙarshe a kan kwalta, daga nan me zan gani (gidan mai, makaranta, coci, masallaci, taransifoma, gidan Baale wato mai garin Yarbawa), hanyar tana shiguwa da babur yau ko ruwa ya tare, kuma za ka kasance a gida ƙarfe nawa. In saƙon mai K ne ka ƙara ta biyar: kuɗin na hannu? Ka faɗi adadin a baki. Daga nan ka roƙe shi ya turo lokeshan ta WhatsApp yana tsaye a gidan, ba daga wurin aikinsa ba, mutane da yawa na turo lokeshan suna ofis a Ikeja alhali gidan na Gberigbe. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana inda sabis ke da ƙarfi.

Wanda ka kira sau uku bai ɗauka ba, ka tura masa saƙon tes, ka sanar da mai aikowa, kuma ka ajiye ƙunshinsa a gida. A cikin gari za ka iya gwada sa'a, amma ba a ɗaukar saƙo zuwa Agbowa a kan wataƙila.

6. Raba ta hanya, jera a akwati

Bayan garin Legas hanya uku ce manya, kuma ba a haɗa biyu a rana ɗaya sai dai in dole.

Ta Ikorodu: daga Mile 12 ka wuce Owode Onirin, Majidun, Ogolonto, Agric, ka shiga garejin Ikorodu. Daga nan take rabuwa, Igbogbo da Bayeku gefe guda, a Sabo hanyar Shagamu ta yi Odogunyan da Ogijo, ɗayar kuma ta yi Itamaga inda ake karyawa zuwa Ijede wajen tashar wutar Egbin, in ka miƙe sai Maya, Adamo, Imota inda babban injin casar shinkafar jihar yake, Agbowa, Itoikin har Epe. Ta Lekki: Ajah, Sangotedo, Awoyaya, Lakowe, Bogije, mahaɗar Eleko inda ake sauka zuwa Akodo da ƙauyukan bakin teku da wajen matatar Ɗangote, in ka miƙe kuma Epe. Ta Badagry: Mile 2, Trade Fair, Iyana Iba, Okokomaiko, Ijanikin, Agbara, Oko-Afo, Mowo, Badagry, har Seme.

Ka shimfiɗa tabarma ko buhu ka kasa kayan gida uku, sannan a cikin na hanyar yau ka jera su yadda za ka tarar da wuraren. Wanda za a fara saukewa shi ne a sama kusa da murfi, na ƙarshe a ƙasa. Sai dai nauyi yana da nasa hukunci: mai nauyi ƙasa kuma ta gaba kusa da bayanka, mai fashewa a sama ko da na ƙarshe ne, mai ruwa a kusurwa a tsaye an tokare shi, takardu a jikin bango a miƙe. Waya, gwal, fasfo da makamantansu ni ina ganin jakar da ke rataye a ƙirjinka ƙarƙashin riga ta fi musu akwati.

Wa za a fara kaiwa, na kusa ko na nesa? Ra'ayina ka tafi can ƙarshe da safe ka dawo kana saukewa, saboda in yamma ta yi maka gara ta same ka a Agric da fitilu da jama'a da ta same ka tsakanin Itoikin da Agbowa. In za ka yi haka sai ka juya jerin akwatin. Abinci da wanda ya ce zai fita da wuri su ne kawai ke karya wannan tsarin.

7. Lissafin kuɗi

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 farashin lita ba ya zama wuri ɗaya, don haka ba zan ba ka farashi ba, hanyar lissafi zan ba ka. Ka cika tanki, ka yi tafiyar rana, ka sake cikawa, ka duba kilomita nawa ka ci da lita nawa, yanzu ka san abin da babur ɗinka ke sha. Mu ɗauka don sauƙin lissafi lita naira 1,000 ce kuma zuwa da dawowa zai ci lita 5, mai ya tashi 5,000. Ka ƙara tikitin hanya, katin waya da data, abincinka, da wani abu da kake warewa kullum na baƙin mai, taya, sarƙa da birki, domin hanyar ƙasa tana cin su fiye da kwalta. In babur ɗin na haya ne ko na biya-sannu ka sa balas ɗin ranar. Jimillar nan ita ce kuɗin fita. Ka raba ta da yawan saƙonnin da ke akwati, in abin da ya fito ya kusa kai abin da kake caji a kan kowanne, tafiyar ba ta da riba, a tara zuwa gobe.

Shi ya sa masu wayo ke sa wa kowace hanya ranarta, su gaya wa kastomominsu Ikorodu da Epe ranar kaza, Badagry ranar kaza. Wanda ke gaggawa ya biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya shi kaɗai. Farashi kuma ya zama hawa biyu: na bakin kwalta da na shiga ciki. A faɗa wa mai aikowa tun farko, har da kuɗin dawo da kaya in mai karɓa ya ƙi karɓa, kar sai abin ya faru a fara jayayya.

8. A kan hanya

Fita bayan asuba. Ka duba iskar taya, birki, sarƙa da fitila. Ka sha mai a gidan mai na ƙarshe da ka yarda da shi kafin ka bar gari, na kwalba a ƙauye tsada ga haɗi. Ka san inda masu faci suke a hanyarka.

Hanyar Eleko da Epe manyan motoci ne ke mulkinta saboda matata da tashar jirgin ruwa ta Lekki, kar ka shiga gefen tirela a kwana. Hanyar Badagry kuma shingaye ne da yawa na kwastan da 'yan sanda da sauran jami'ai saboda iyakar Seme, a nan littafinka da rasit na kaya za su yi maka rana, musamman in akwai sababbin wayoyi ko yadi. In an tsayar da kai ka kashe babur, ka cire hular kwano, ka gaisa, ka buɗe akwati da hannunka kana kallo.

In ka tarar da ruwa ya kwanta a hanya ba ka ga ƙasansa ba, tsaya ka ga wani ɗan acaban garin ya wuce ka bi sawunsa, ko ka kira mai saƙon ya fito. 'Yan acaban bakin mahaɗa, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne 'yan Arewa, sun fi kowace taswira sanin gidaje, ka yi musu sallama ka faɗi alamar da aka ba ka.

9. Miƙa saƙo da karɓar kuɗi

Ka kira saura minti goma ka isa. In dattijo ka tarar ka sauka daga babur ka gaida shi da Baba ko Mama, ka miƙa da hannun dama, Yarbawa na kula da wannan sosai kamar yadda mu ma muke yi, kuma gobe shi ne zai nuna maka gidan wani. A ƙauyukan Badagry za ka haɗu da 'yan ƙabilar Egun, amma Yarbanci ko Turancin buroka na wadatarwa.

Ka tabbatar mutumin shi ne: ka kira lambar ka ji ta yi ƙara a hannunsa, ko ya faɗi sunan mai aikowa. In wani ya turo, ɗa ko maƙwabci ko maigadi, sai mai saƙon ya faɗa maka sunansa a waya, ka rubuta, ka ɗauki hoton ƙunshin a hannunsa da izininsa. Ya sa hannu a littafi da lokaci.

Gargaɗi a kan mai K: kuɗi kafin kaya su bar hannunka. In taransifa ce kar ka yarda da hoton rasit ko saƙon alat na tes, ana ƙirƙirar su. Ka buɗe manhajar bankinka, OPay ne ko Moniepoint ko wanne, ka ga kuɗin ya zauna a balas. In sabis ya hana, ku taka tare zuwa wurin mai POS mafi kusa ya cire ya ba ka. In tsaba ce ka ƙirga a gabansa, kuma kar ka tara kuɗi da yawa a jiki, in ka fito bakin kwalta ka tura su asusu.

Kar ka shiga cikin gida ko kango ko da an ce shigo ka sha ruwa, a ƙofa ake miƙa saƙo, babur na kusa da kai yana kallon hanyar fita. In lokeshan ya kai ka wurin da ba gidaje, mai kiran kuma yana ta cewa ƙaro gaba kaɗan, juya ka koma inda mutane suke ka ce ya same ka a can. An sha ƙwace babura ta wannan hanyar da odar ƙarya.

10. In ba a samu mai shi ba, da ƙauyukan ruwa

Minti goma sha biyar ya isa jira. Ka kira, ka tura tes, ka sanar da mai aikowa, ka ɗauki hoton wurin a matsayin shaidar ka zo. Ajiye saƙo a shago ko wurin mai POS sai da yardar mai aikowa da mai karɓa duka, a rubuce a WhatsApp, kuma wanda an riga an biya ne kawai mara tsada. Takardu da mai K da mai T suna dawowa da kai.

Wuraren da sai an hau kwalekwale, irin su Ilashe, Tarkwa Bay da Ibeshe ta tsallake, mafi sauƙi ka yi alƙawari da mai saƙon ku haɗu a bakin jeti, wato inda kwalekwalen ke tsayawa. In shi ya ce a ba wani direban jirgi da ya sani, ka rubuta sunan direban da lambarsa, ka ɗauki hoto, ka naɗe ƙunshin a leda biyu. In har kai za ka tsallaka, rigar kariya dole ce, hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan Legas ma ta hana tafiyar dare a ruwa, sannan ka tabbatar ka bar babur a hannun wanda ka sani.

11. Rufe littafi

In ka dawo kar ka kwanta sai ka daidaita littafi da akwati: saƙo nawa suka fita, nawa aka miƙa, nawa suka dawo, jimillar ta yi daidai. Ka tura wa kowane mai kaya kuɗinsa a daren tare da hoton shaidar miƙawa, kar kuɗin mutane ya kwana a asusunka ya cakuɗe da naka. Waɗanda suka dawo ka rubuta dalili a jikinsu ka ware su gefe.

Sai abu na ƙarshe, a bayan littafin ka buɗe shafi ga kowane ƙauye, duk gidan da ka samu yau ka rubuta alamarsa da ta inda ka shiga da wane layin waya ke da sabis a wurin, ka adana lokeshan ɗin a waya da sunan kastoman. Ka goge cikin akwati ka bar shi a buɗe ya sha iska, ka sa waya da fawa bank a caji, sannan ka fara kiran mutanen gobe.